Motsa Jiki da Dabarun Koyo: Matsayinsu Wajen Riƙe Karatu a Makarantun Karkara

Gabatarwa

Babu kukan da ya fi yawa a bakin malaman firamare kamar kukan mantuwa. Malami zai koyar da darasi ranar Litinin, yara su amsa baki ɗaya kamar sun fahimta, amma idan ya waiwayi darasin ranar Alhamis sai ya tarar kamar dusa ya shuka. A irin wannan hali akan yi saurin ɗora laifin a kan yaro, a ce daƙiƙi ne, ko kuma a ce kansa ba ya ja. Da zarar an yanke wannan hukunci kuwa, to an rufe ƙofar gyara, domin ba wanda zai wahalar da kansa a kan abin da ya ɗauka halitta ce.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne cewa mafi yawan mantuwar da ake gani a aji tana da magani, kuma kaso mai tsoka na maganin yana hannun malami. Abubuwa biyu za a duba: motsa jiki da kuma dabarun da ake bi wajen koyo. Za a auna su da ma'aunin makarantar ƙauye irin ta Yasore da sauran ƙauyukan ƙasar Batsari da Safana a yammacin Jihar Katsina, domin a irin waɗannan wurare ne da yawa daga cikin masu karanta wannan littafi za su fara riƙe alli.

Yadda Ƙwaƙwalwa ke Riƙe Abu

Masana halayyar ɗan'adam sun kasa aikin riƙe abu gida uku: kamawa da adanawa da kuma tunowa. Ana iya kwatanta su da aikin manomi. Kamawa ita ce girbi, adanawa ita ce zubawa a rumbu, tunowa kuwa ita ce ɗebo hatsin ranar da ake bukatarsa. Idan aka sami tangarɗa a ɗaya daga cikin ukun, sakamakon duk ɗaya ne, wato a wayi gari babu na sawa a tukunya.

Matakin kamawa ƙofa ce ƙarama. A 1956 wani masani ɗan Amurka, George Miller, ya nuna cewa hankalin mutum ba ya iya riƙe abubuwa fiye da wajen bakwai a lokaci guda, binciken da ya biyo baya ma ya rage adadin zuwa wajen huɗu. Ke nan malamin da ya cika allo da ƙa'idojin nahawu goma sha biyar a darasi ɗaya yana ɗura ruwa ne a tulun da ya riga ya cika.

A matakin adanawa akwai wani ɗan sashe can cikin ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfas. Shi ne kamar masussuka, inda sabon abu ke fara sauka a gyara shi kafin ya wuce rumbu. An gane muhimmancinsa ne ta hanyar wani majinyaci a Amurka mai suna Henry Molaison, wanda aka yi wa tiyata a 1953 saboda farfaɗiya, aka cire masa mafi yawan wannan sashe. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar har rasuwarsa a 2008 bai ƙara iya adana sabon labari ba. Yakan tuna abubuwan ƙuruciyarsa, amma wanda ya gaisa da shi da safe baƙo ne a wurinsa da rana. Barci ma yana da hannu a wannan mataki. Tun a 1924 masana biyu, Jenkins da Dallenbach, suka nuna cewa wanda ya yi barci bayan ya koyi abu ya fi riƙe shi a kan wanda ya ci gaba da harkokinsa a farke.

Abin da Motsa Jiki ke Yi wa Ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikin babban mutum ba, amma tana cin wajen kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke ƙonawa. Jini ne ke kai mata abinci da iska, motsa jiki kuwa yana ƙarfafa zuciya da hanyoyin jini. Bayan wannan, a 1995 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine sun gano cewa gudu yana ƙara yawan wani sinadari a ƙwaƙwalwar ɓeraye wanda ake taƙaita sunansa da BDNF. Aikin wannan sinadari kamar aikin taki ne a gona: yana taimakon ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su rayu, su kuma yi rassan da za su haɗu da juna. A 1999 kuma Henriette van Praag da abokan aikinta a Cibiyar Salk suka nuna cewa ɓerayen da aka ba damar gudu sun fi 'yan'uwansu samar da sababbin ƙwayoyi a hifokamfas.

Mai karatu zai iya cewa ai ɓera ba mutum ba ne, kuma gaskiyarsa. To, an gwada a kan mutane. A 2011 Kirk Erickson da abokansa suka wallafa sakamakon nazarin da suka yi wa dattawa 120. An sa rabinsu tafiyar sassarfa sau uku a mako har shekara guda, sauran kuma miƙe gaɓoɓi kawai suke yi. A ƙarshe hifokamfas ɗin masu tafiya ya ƙaru da wajen kashi 2 cikin 100, na sauran kuwa ya ɗan ragu kamar yadda tsufa ya saba yi. A kan yara kuma, Charles Hillman na Jami'ar Illinois ya nuna a 2009 cewa 'yan shekara tara zuwa goma da suka yi tafiyar minti 20 sun fi mayar da hankali, sun kuma fi ƙoƙari a gwajin fahimtar karatu, fiye da lokacin da suka zauna wuri ɗaya na tsawon wannan lokaci.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. Wani babban nazari da aka yi a makarantu 57 na ƙasar Norway, wanda aka wallafa a 2016, bai ga bambanci a sakamakon karatun yara gaba ɗaya ba bayan an ƙara musu lokacin motsa jiki na watanni bakwai, in ban da a tsakanin waɗanda suka fi rauni a lissafi. Darasin da ke nan biyu ne. Na farko, motsa jiki ba laya ba ce, ba ya sanya ilmin da ba a koyar ba a kan yaro. Na biyu, lokacin da aka ware wa wasa bai rage wa yaran komai ba a karatunsu. Wannan na biyun shi ne amsar shugabannin makarantun da ke soke darasin wasanni su mayar da shi na lissafi ko Turanci da zarar jarrabawa ta gabato.

Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ba da shawarar cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya sami aƙalla minti 60 na motsa jiki a kowace rana bisa matsakaici. Kafin ita ma tarihinmu ya san da wannan. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta yaye Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sa Ahmadu Bello da Alhaji Abubakar Imam, ta ba wasanni gurbi babba a tsarinta, kuma sananne ne cewa Sardauna bai rabu da wasan fayif ba har bayan da ya zama Firimiya.

Ai Yaron Ƙauye ba ya Zama

Nan ne hujja mafi ƙarfi ta masu adawa da wannan ra'ayi take. Za su ce duk waɗannan nazarce-nazarce an yi su ne a ƙasashen da yara ke zuwa makaranta a mota, su dawo su zauna gaban talabijin. Yaron Yasore kuwa da ƙafa yake zuwa makaranta, da damina yana gona yana noma gero da dawa da rogo, da rani yana kiwo ko yana ɗebo ruwa da itace. Wane motsa jiki kuma za a ƙara masa? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma malamin da ya tara yaran da suka kwana da yunwa ya sa su zagaye fili sau goma cikin zafin watan Afrilu, cutarsu ya yi. Duk da haka akwai dalilai huɗu da suka sa hujjar ba ta rushe ra'ayin ba.

Na farko, matsalar da ke cikin aji ita ce dogon zama. Yaro sittin ko fiye a ɗaki ɗaya, wasu a ƙasa, iska ba ta wadata ba, tun safe har azahar: ko wanda ya wuni yana noma jiya, yau hankalinsa zai dushe bayan awa guda. Miƙewar minti biyar tsakanin darasi da darasi tana buɗe ƙofar kamawa da ta fara rufewa.

Na biyu, aikin ƙarfi daban, wasa daban. Langa da kokawa da ɓoyo da gaɗa da carafke suna da dokoki da lissafi da lura da abokin karawa, suna kuma tafe da nishaɗi. Yaron da ke langa yana riƙe ƙafa ɗaya, yana kiyaye daidaiton jikinsa, yana kuma ƙiyasta inda abokin hamayya zai ɓullo, wato jiki da hankali suna aiki tare. Ɗaukar jarkar ruwa kuwa gajiya kawai take bari.

Na uku, rabon motsin ba daidai yake tsakanin yara ba. Yarinya da ta fara girma akan janye ta daga wasa tun da wuri, a makaranta kuma sau da yawa filin na maza ne, 'yan mata suna gefe a inuwa suna kallo. Idan malami bai ware musu lokaci da wurin da ya dace da al'ada da mutuncinsu ba, babu inda za su samu.

Na huɗu shi ne mafi ɗaci. Ƙauyukan da ke kusa da dajin Rugu sun sha fama da hare-haren 'yan bindiga, musamman daga 2019 zuwa 2021, kuma sace ɗalibai fiye da 300 da aka yi a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 ya girgiza iyaye a jihar baki ɗaya. A irin waɗancan shekaru dandali ne ya fara mutuwa, domin ba uwar da za ta bar ɗanta wasan farin wata alhali ana tsammanin hari. Yaron da ya taso cikin firgici barcinsa ba ya nauyi, kuma an daɗe da sanin cewa doguwar fargaba tana raunana aikin hifokamfas. Ga irin wannan yaro, filin makaranta da rana tsaka, a gaban malamai, yana iya zama wuri guda da zai yi gudu don nishaɗi maimakon don tsira. Hana shi wannan dama da sunan ƙarin darasi asara ce kan asara.

Dabarun Koyo

Idan motsa jiki gyaran gona ne, dabarar koyo ita ce shukar kanta, kuma a nan ne riba mafi girma take. A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi wa kansa, inda ya riƙa haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna saurin ɓacewarsu. Ya gano cewa mantuwa ta fi gudu a farko: fiye da rabi kan tafi cikin awa guda, daga nan sai gudun ya ragu. Ya kuma gano cewa bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya amfani, ko da yawan lokacin ɗaya ne. Bahaushe ya riga shi faɗa da ya ce sannu ba ta hana zuwa. Ɗalibin kwalejin da ke kwana karatu daren jarrabawa yana iya cin jarrabawar, amma ba zai fita da komai ba.

Dabara ta biyu ita ce tunowa da ka. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ba ɗalibai wani rubutu. Rukuni ɗaya ya yi ta maimaita karantawa, ɗayan kuma ya karanta sau ɗaya, ya rufe takarda, ya yi ta ƙoƙarin rubuta abin da ya tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Da aka gwada bayan mako guda kuwa sai reshe ya juye da mujiya: masu tunowa da ka sun riƙe wajen kashi 61 cikin 100, masu maimaitawa kuwa kashi 40. Abin lura shi ne masu maimaitawar sun fi amincewa da kansu cewa sun iya. Ido ya saba da shafin, sai zuciya ta ɗauki sabo a matsayin sani. A 2013 John Dunlosky da abokansa suka auna dabarun karatu goma, suka sanya gwada kai da rarraba bita a sahun gaba, maimaita karatu da ja wa layi kuwa a sahun baya.

Wannan ya shafi wata al'ada da ta yi katutu a azuzuwanmu, wato malami ya faɗa, aji ya amsa da ƙarfi, sau goma ko ashirin. Amo yana cika ɗaki har mai wucewa ya ce ana karatu. Amma yaron da ke bin muryar aji bai ɗebo komai daga rumbunsa ba, bakinsa ne kawai ke motsi. Amshi yana da amfani a farkon koyon furuci, kamar bambanta ƙ da k ko ɗ da d, amma idan aka tsaya a kansa an bar aikin a rabi.

Darasi daga Tsangaya

Ba sai mun je Jamus ko Amurka ba kafin mu ga waɗannan dabaru suna aiki. Tsarin haddar Alƙur'ani a ƙasar Hausa ya ginu a kansu tun ɗaruruwan shekaru. Almajiri yakan rubuta ɗan kaso kaɗan a allonsa gwargwadon ƙarfinsa, wato an kiyaye ƙanƙantar ƙofar kamawa. Ba ya wanke allon sai ya biya wa malam abin da ke ciki, wato tunowa. Yana ƙarin sabo yana tishin na baya, da asuba da hantsi da dare, wato rarraba bita. Mahaddaci kuma ba ya barin tilawa duk tsawon rayuwarsa, domin ya san izu sittin ba sa zama a kai sai da kiwo. Ƙololuwar jarrabawa ita ce satu, inda alaramma zai rubuta Alƙur'ani gaba ɗaya da ka. Har ila yau akan ga mahaddata suna tilawa suna kai-komo a tsaye don korar gyangyaɗi. Irin wannan horo ne ke fitar da 'yan takarar musabaƙar ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa a 1986.

Mafi yawan yaran da malami zai tarar a ajinsa a Batsari ko Safana sun san allo kafin su san littafi, saboda haka biyawa da tishi ba baƙin abubuwa ba ne a wurinsu. Abin takaici shi ne makarantar boko ta ɗauki amon tsangaya ta bar tsarinta. Sai dai a yi hattara da bambanci guda: manufar hadda ita ce kiyaye lafazi harafi da harafi, alhali a darasin lissafi ko nahawu ana son yaro ya yi aiki da ƙa'ida a kan misalin da bai taɓa gani ba. Don haka tambayar malami kada ta tsaya a kan “mene ne suna?”, ta kai ga “nuna mini sunaye a wannan jimla, ka kuma faɗi dalili”. Abin da aka fahimta, aka kuma ƙulla shi da abin da aka sani a gida ko a gona, ya fi daɗewa a kai.

Abin da ya Kamata Malami ya Yi

Shawarwarin da ke tafe ba sa bukatar kuɗi ko kayan aiki daga gwamnati.

Da farko, malami ya buɗe kowane darasi da minti biyar na tunowa, littattafai a rufe. Idan ya koyar da jinsi da adadi ranar Litinin, ya tambaye su ranar Talata, ya sake ranar Juma'a, sannan bayan mako biyu, sannan bayan wata. Kowane yaro ya rubuta amsarsa kafin a ji ta wani, a kuma yi gyara nan take. Kada a haɗa wannan da bulala ko maki, domin tsoro yana toshe tunani.

Na biyu, ya rarraba darasi gunduwa-gunduwa, abu uku ko huɗu a lokaci guda, ya kuma sa yara su bayyana wa juna biyu-biyu da kalmominsu.

Na uku, ya kare lokacin tara da darasin wasanni daga duk mai son cinye su. A watannin zafi a yi wasa da sassafe ko a inuwa, a tabbatar akwai ruwan sha, a kuma sassauta a watan azumi da ga yaron da alama ta nuna bai karya ba ko ba ya da lafiya. Wasanninmu na gargajiya sun isa, ba sai an jira ƙwallo da raga ba.

Na huɗu, ya daina mayar da motsa jiki horo. Yaron da aka saba sa wa tsallen kwaɗo ko kamun kunne saboda ya manta darasi zai tsani darasin, ya kuma tsani motsa jikin.

Na biyar, ya yi magana da iyaye a taron iyaye da malamai a kan barci da karin kumallo. Kokon safe da barcin dare isasshe suna yi wa karatu abin da darasin yamma ba zai yi ba.

Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa riƙe karatu aiki ne mai matakai, cewa motsa jiki yana shirya ƙwaƙwalwa ta karɓa ko da yake ba ya maye gurbin koyarwa, kuma cewa tunowa da ka da rarraba bita su ne dabarun da suka fi tabbata, a ɗakin bincike da kuma a tsangaya. Ɗalibi mai shirin zama malami ya fara gwada su a kan kansa tun yana kwaleji: ya rufe wannan littafi, ya rubuta abin da ya tuna daga cikinsa, ya sake yin haka bayan kwana uku. Wanda ya ga amfanin dabara a kansa shi zai iya tsayawa a kanta a gaban yara sittin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da malaminsa ya koya wa yadda ake riƙe karatu ya sami abin da zai yi masa amfani ko da an wayi gari makarantar a rufe.